Wa Ke da Halin Jira? Tarihin Barolo da Inabin Nebbiolo

A shekarar 1861, lokacin da aka dunƙule ƙananan masarautun Italiya suka zama ƙasa ɗaya, wanda ya fara hawa kujerar firayim minista, Camillo Benso na Cavour, mutum ne mai gonar inabi. Bai cika wata 3 a kujerar ba ya rasu. Wanda ya gaje shi, Bettino Ricasoli, shi ma gonar inabi gare shi a Brolio cikin yankin Chianti, kuma a yau sunansa ya fi fitowa a bakin masu sana'ar jar giya fiye da bakin 'yan siyasa. Sarkin da suka yi wa aiki, Vittorio Emanuele na 2, yana da tasa gonar a Fontanafredda. Ke nan duk wanda ya bi tarihin jar giyar Italiya mai tsada, ba zai yi nisa ba sai ya tsinci kansa a fada.

Na san akasarin masu karanta wannan rubutu, addini ya raba su da giya, kuma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja ni shi ne labarin da ke bayan kwalbar: labarin ƙasa da noma da bashi da gado, da wani amfanin gona da ba ya yin daraja sai an jira shi shekaru. A ganina tarihin Barolo kusan dukkansa gardama ce a kan wannan jiran, wa ke da halin yin sa, wa kuma yunwa ba za ta bar shi ba.

Barolo ƙauye ne da mutanensa ba su kai 1,000 ba, a tuddan Langhe kusa da garin Alba, a lardin Piemonte na arewa maso yammacin Italiya. Giyar da ta ɗauki sunansa daga irin inabi ɗaya tak ake yin ta, wato Nebbiolo. Tsohon iri ne. Sunansa ya bayyana a takardun lissafin wani gidan sarauta kusa da Turin tun ƙarni na 13, kuma a ƙarni na 15 dokokin garin La Morra sun tanadi horo mai tsanani ga duk wanda ya sare kurangarsa. Amma iri ne mai wuyar sha'ani. Shi ne kan gaba wajen toho, don haka sanyin ƙarshen hunturu yakan ƙone shi, shi ne kuma na baya wajen nuna, sai cikin Oktoba lokacin da hazo ya lulluɓe kwaruruka. Ba ya nuna da kyau sai a gangaren da ke kallon kudu, inda rana ta fi daɗewa. Tsofaffin manoman Langhe sukan tsaya a ƙarshen hunturu su lura da inda dusar ƙanƙara ta fara narkewa, nan suke dasa Nebbiolo, sauran wuraren su bar wa Barbera da Dolcetto, irin da ba su da fitina, waɗanda ake sha a gida kullum.

Wanda ya ga ruwansa a kofi zai raina shi, don launinsa ba shi da duhu. A baki ne yake nuna hali. Yana da tsami sosai, yana kuma da bauri mai ɗaure harshe da dasashi. Wannan baurin daga wani sinadari ne da ke cikin ɓawo da ƙwayar inabin, ana ce masa tanin, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Kamar yadda yake hana fata ruɓewa, haka yake tsare giyar, shi da tsamin, ta yi shekara 20 ko 30 ba ta lalace ba. A tsawon waɗannan shekaru ƙwayoyin tanin suna haɗuwa da juna da kuma sinadarin launi, wasu su yi nauyi su kwanta a gindin kwalba, baurin ya lafa, launin ya juya daga ja zuwa na jan bulo. Ƙamshin ma yakan sauya. Masu ɗanɗano, waɗanda a wurin aiki kurɓa suke su juya a baki su tofar, sukan ce sabuwar tana ƙamshin furen wardi da 'ya'yan itace, tsohuwar kuwa ta koma ƙamshin kwalta da busasshen ganye da fata da naman kaza. Duk wannan ba ya samuwa sai an kwantar da kwalbar a wuri mai duhu da sanyi, kusan digiri 12 zuwa 14, a kishingiɗe don kada toshiyar bakinta ta bushe iska ta shiga. Kafin a zuba tsohuwar kwalba, akan tsiyaye ta a hankali cikin wani mazubi, ana haska wuyanta da kyandir, don a tsaya da zarar laka ta taso.

A da can ba haka Nebbiolo take ba. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya ratsa Turin a 1787 ya ɗanɗana ta, ya rubuta cewa tana da zaƙi da bauri kuma tana kumfa. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, tun da sai a makare ake girbe ta, sanyin Nuwamba yakan riski ruwan yana cikin tsimuwa, yisti ya daina aiki kafin ya cinye sukarin. Irin wannan giya ba ta ajiyuwa, ba ta kuma jure tafiya.

Gyaran ya zo ne daga manyan gidaje a tsakiyar ƙarni na 19. Akwai Juliette Colbert, Bafaranshiya 'yar manyan gida, wadda ta auri Carlo Tancredi Falletti, basaraken Barolo, a 1806. A Turin an fi sanin ta da hidimar mata fursunoni da marayu, kuma da ta rasu a 1864 ba ta bar ɗa ba, dukiyarta ta tafi ga gidauniyar jin ƙai da ta kafa. Ana ba da labarin cewa Sarki Carlo Alberto ya taɓa yi mata ƙorafi bai taɓa ɗanɗana giyar da ake ta yabo ba, sai ta aika masa da ganga 325 a kan kekunan shanu, ɗaya don kowace ranar shekara ban da kwana 40 na azumin Kirista. Labari ne na baka, mai daɗin faɗa, kuma masu sayar da Barolo ba sa gajiya da shi. Abin da yake tabbas shi ne sarkin ya sayi gidan sarautar Verduno a 1838, yana kuma da manyan ɗakunan ajiya a Pollenzo.

Cavour kuwa tun yana saurayi mahaifinsa ya tura shi Grinzane ya kula da gonakin gidansu, ya yi magajin garin ƙauyen daga 1832 har 1849. A 1836 ya ɗauko wani tsohon janar, Paolo Francesco Staglieno, wanda ya ƙware a harkar, ya koya wa ma'aikata tsabtar ganguna da yadda za a bar ruwan ya gama tsimuwa sarai har zaƙin ya ƙare. An daɗe ana jingina wannan aiki ga wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Louis Oudart, amma masu binciken baya-bayan nan da suka tona takardun zamanin sun fi karkata ga Staglieno. Ko ma wane ne, abin lura shi ne waɗanda suka ɗauki nauyin: mutanen da za su iya zuba amfanin gonar shekara guda a ganga su rufe ƙofa su manta da shi shekara 4 ko 5, ba tare da tukunyar gidansu ta daina tafasa ba. Daga nan Barolo ta samu kirarinta na giyar sarakuna. A 1878 Emanuele na Mirafiori, ɗan da Vittorio Emanuele ya haifa da Rosa Vercellana, ya mai da Fontanafredda kamfani sosai mai sayarwa har ƙasashen waje.

A can Toscana ma wannan tunani ke yawo. A 1872 Ricasoli ya rubuta wa wani farfesa na Pisa wasiƙa yana bayyana haɗin da ya gamsu da shi: mafi yawa Sangiovese, a sassauta shi da Canaiolo, sannan a ɗan sa farin inabi Malvasia idan giyar ta sha-yanzu ce, a bar shi idan ta ajiya ce. A Montalcino kuma Ferruccio Biondi-Santi ya ware Sangiovese zalla ya tsare ta shekaru a ganga, kuma kwalaben 1888 na gidansu su ne ake ɗauka a matsayin kakannin Brunello.

Sai annoba ta zo. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Turai daga Amurka, ya gama da gonakin Faransa, aka gan shi a Italiya a 1879. Maganin da aka samu shi ne aure: a ɗora reshen inabin Turai a kan gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har gobe kusan kowace kurangar Nebbiolo a kan saiwar Amurka take tsaye. Amma sake dasa gona kuɗi ne, kuma sabon dashe sai ya shekara 3 kafin ya ba da abin kirki. Da yawa suka haƙura da Nebbiolo suka koma Barbera mai saurin biya. Yaƙin duniya na 1 ya kwashe samari, mulkin Mussolini ya matsa a noma alkama, yaƙi na 2 ya mai da tuddan Langhe fagen 'yan sari-ka-noƙe.

Wanda ya ga Langhe a yau, da motocin masu yawon buɗe ido da gidajen cin abinci masu tsada, da wuya ya yarda cewa wannan yanki yana cikin mafi talauci a arewacin Italiya. Marubucin Alba, Beppe Fenoglio, ya fitar da littafinsa La malora a 1954 a kan wannan rayuwar: yaron da aka bayar barantaka a gonar wani, da noma-mu-raba, da yunwa. Samari suka yi ta gudu zuwa masana'antar motoci ta Fiat a Turin, ko kamfanin alewa na Ferrero da aka kafa a Alba a 1946. Wanda ya zauna kuwa ba giya yake sayarwa ba, inabi yake sayarwa. Da kaka manoma sukan ɗora kwanduna a keken shanu su kai dandalin Alba, dillalan manyan kamfanoni su yi ta jan ƙafa har yamma, don sun san inabin da aka tsinke ba ya kwana biyu. Gaba kura, baya sayaki: ko ka sayar yadda aka taya, ko ka koma gida da abin da zai ruɓe. Ribar jira tana wurin mai ganga da ɗakin ajiya, manomi kuwa ko na yini ɗaya ba shi da hali.

A maƙwabciyar Barolo, wato Barbaresco, inda shi ma Nebbiolo ake nomawa, an gwada wata hanya. Domizio Cavazza, shugaban makarantar koyon aikin inabi ta Alba, ya haɗa masu gonaki a ƙungiyar gama kai a 1894. Ta mutu a zamanin Mussolini. A 1958 limamin cocin ƙauyen, Don Fiorino Marengo, ya tara manoma 19 suka sake kafa ta da sunan Produttori del Barbaresco, suka fara aiki a ƙarƙashin ginin cocin. Abin da mutum ɗaya ba zai iya jira ba, taro ya iya. Ƙungiyar tana nan har yau, kuma ana lissafa ta cikin mafi inganci a duniya.

Daga nan doka ta shigo. A 1963 Italiya ta kafa tsarin kare sunan asali, wanda ake taƙaitawa DOC, Barolo ta shiga a 1966. A 1980 aka fara ba da mataki na sama, DOCG, kuma Barolo da Barbaresco da Brunello na cikin na farko da suka hau shi. Dokar ta mai da jira wajibi, ta kuma auna shi da wata. Yadda take a yanzu, ba a kiran giya Barolo sai Nebbiolo ce zalla daga ƙauyuka 11 da aka ƙayyade, kuma ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a katako. Mai lakabin Riserva sai ta yi 62. Barbaresco wata 26 ne. Brunello ba ta fita kasuwa sai Janairun shekara ta 5 bayan girbi. Doka dai ba kullum take daidai ba. A Chianti ta ɗauki shawarar Ricasoli ta juya ta, ta tilasta sa farin inabi a kowace kwalba, har ya kai ga gidan Antinori ya fitar da Tignanello a shekarun 1970 a ƙarƙashin lakabin giyar tebur, mafi ƙasƙanci a doka, alhali ta fi yawancin masu babban lakabi tsada. Sai a 1996 aka yarda da Sangiovese zalla a Chianti Classico.

Yadda tsofaffin Barolo ke aiki shi ne su bar ruwan tare da ɓawon wata guda, wani lokaci har 2, ya tsotse tanin iya tsotsa, sannan su juye shi a manyan ganguna masu cin dubban lita, na katakon da Italiyawa ke kira rovere, wanda ake kawowa daga Slavonia a ƙasar Kuroshiya. Gangar takan yi shekaru da dama ana amfani da ita, ba ta ba giyar wani ƙamshi, iska kawai take bari ta ratsa kaɗan-kaɗan. A hannun gwani, kamar gidan Giacomo Conterno da ya fara fitar da Monfortino a shekarun 1920, abin da ke fitowa yakan rayu fiye da wanda ya yi shi. A hannun malalaci kuwa, kuma su ne da yawa, ganga mai datti da inabin da bai nuna ba sukan ba da abu mai wari da bauri wanda ko shekara 50 ba za ta gyara ba. Wannan gaskiyar masu kare al'ada ba su cika son a tuna musu ba.

A 1976 wani saurayi daga La Morra, Elio Altare, ya tuƙa mota zuwa Burgundy a Faransa, ya kwana a cikinta saboda ba shi da kuɗin masauki. Can ya ga manoma masu ƙananan gonaki irin na mahaifinsa suna sa sunansu a kwalba suna hawa manyan motoci. Ya dawo ya fara abin da tsofaffi suka ɗauka hauka ne: yana tsinke rabin nonnan inabi tun suna ɗanye yana zubarwa, don sauran su nuna sosai. Ga mutanen da suka san yunwa, wannan saɓo ne. A 1983 ya shiga ɗakin ajiyar gidansu da zarton inji ya yayyanka tsofaffin gangunan. Mahaifinsa ya cire shi daga gado, ya rasu bayan shekara 2, sai da Elio ya yi ta sayen gonar daga hannun 'yan uwansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Luciano Sandrone, Domenico Clerico, Roberto Voerzio, Enrico Scavino, daga baya Chiara Boschis, suka riƙa haɗuwa suna ɗanɗana aikin juna, abin da iyayensu ba su taɓa yi ba. A Barbaresco Angelo Gaja ya riga su fara gwaje-gwajen. Suka rage jiƙon ɓawo zuwa 'yan kwanaki, suka kawo ƙananan gangunan Faransa masu lita 225, barrique, sababbi, masu ba da ƙamshin katako da laushi. Giyarsu ta fito da duhu da taushi, ana iya shan ta da zarar ta fito kasuwa. Wani dillali, Marco de Grazia, ya kai su Amurka, inda mai sharhi Robert Parker ke ba giya maki cikin 100, kuma makinsa kan ninka farashi. Jaridu suka sa musu suna Barolo Boys.

Ana cikin haka, a Maris na 1986, mutane suka fara mutuwa a arewacin Italiya bayan sun sha giya mai arha. Aka bi sawu har Narzole, ƙauyen da ke dab da Barolo, inda wani kamfani ke ƙara wa giya ƙarfi da metanol, gubar da ke makantarwa. Kusan mutum 20 suka mutu, wasu suka makance, ƙasashe suka tsare kayan Italiya a kan iyaka. Ba Barolo aka gurɓata ba, amma kunyar ta shafi kowa. Bayan wannan ne masu saye suka fara neman kwalbar da ke ɗauke da sunan mutum da sunan gonarsa, kuma wannan ya yi wa samarin nan daidai. 

Tsofaffin ba su yi shiru ba. Bartolo Mascarello, wanda ya yi gwagwarmaya da 'yan Fasist yana matashi, ya ƙi barrique, ya ƙi ko raba giyarsa gona-gona, yana haɗa inabin gonakinsa kamar yadda mahaifinsa ya yi. Da ciwo ya zaunar da shi sai ya koma zana takardun kwalba da hannu, kuma ɗaya daga ciki, wadda ta haɗa barrique da Firayim Minista Berlusconi ta ce ba ta son ko ɗaya, ta zama abin nema. Giuseppe Rinaldi likitan dabbobi ne da ya riƙe hanyar kakanni. Teobaldo Cappellano ya roƙi masu sharhi su daina ba giyarsa maki. Hujjarsu ita ce sabon katako yana rufe bambancin ƙasa, ya sa giyar La Morra, mai ƙasa mai laushi da ƙamshi, ta yi kama da ta Serralunga, mai tauri da jinkirin buɗewa, kuma duka biyun su yi kama da ta kowace ƙasa. Maƙwabta suka daina gaisawa. An yi shekaru wajen 20 ana wannan ja-in-ja.

Idan aka tambaye ni, kowane ɓangare ya ci rabin shari'ar. Samarin sun yi gaskiya a gona da tsabta, kuma su ne suka sa ɗan manomi ya daina tsayuwa a dandalin Alba yana jiran dillali. Tsofaffin sun yi gaskiya a ganga. Da aka buɗe kwalaben shekarun 1990 bayan shekara 15 ko 20, an tarar wasu daga cikin na zamanin sun tsufa da kyau, wasu kuwa 'ya'yan itacen sun gudu sun bar katako. Sannu a hankali da yawa suka rage sabon barrique, suka sake sayen manyan ganguna, masu tsabta wannan karon, tsofaffin kuma suka karɓi rage nonna da auna zafi. Mascarello ya rasu a 2005, 'yarsa Maria Teresa ta ci gaba. Gidan Rinaldi da na Altare ma 'ya'ya mata ne ke riƙe da su, a yankin da a da ba a lissafa mace a gadon gona.

Gardamar ta koma kan ƙasa. Tun 1961 Beppe Colla da Alfredo Currado suka fara rubuta sunan gona a kwalba, Renato Ratti ya zana taswirar gonakin a shekarun 1970, kuma a 2010 doka ta amince da sunaye 181, irin su Cannubi da Brunate da Bussia. A 2014 UNESCO ta sa tuddan cikin wuraren tarihi na duniya. Zafin da ke ƙaruwa ya sa Nebbiolo na nuna da wuri kuma kusan kowace shekara, har gangaren da kakanni suka raina ya fara daraja, wasu na kudu kuma rana ta fara yi musu yawa.

Gonakin Barolo gaba ɗaya kimanin hekta 2,000 ne, kuma ba a ƙara tudu. Hekta ɗaya a sanannen wuri ta wuce Yuro miliyan 2. A 2016 gidan Vietti, na zuriyar Currado, ya koma hannun wani attajirin Amurka, Kyle Krause, abin ya girgiza yankin. Idan magada 3 suka gaji hekta 5, wanda ke son noma ba shi da kuɗin biyan sauran 2, kuma mai saye daga waje yana bakin ƙofa. Saurayin da ke son farawa yau ba tare da gado ba sai dai ya yi hayar gona, ya sayi ganga da bashi, ya biya ma'aikatan girbi, waɗanda yawancinsu yanzu baƙi ne daga Masedoniya da Romaniya da Afirka, sannan ya ƙirga wata 38 kafin doka ta bar shi ya sayar da kwalbar farko.